Likitocinmu, don Allah ku riƙa cika karne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da likitocinmu kan abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Watan jiya na ɗauko inna daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, hawan jini ya matsa mata har ƙafafu sun kumbura. Da muka shiga wajen lokotoro ya ce a ba shi karnenta, wato littafinta na asibiti, ya buɗe, shekara uku tana zuwa awo amma ba komai ciki sai kwanan wata da tambari da wani rubutu da shi kansa ya kasa karantawa. Ba tansiyo nawa aka samu, ba sunan magani, balle miligiram nawa. Sai na zazzage mishi baƙar leda bisa tebur, kwalaye da fankon magani, yana ɗagawa ɗaya ɗaya inna na cewa wannan farin shi ne na safe, wannan kuma na ciwon gwiwa. Nan ya ga diklofenak, ya ce tun yaushe take sha, don yana iya taɓa ƙoda ya kuma ƙara hawan jinin. Wallahi ba wanda ya sani. An taɓa duba ƙodarta? Mun dai tuna an ɗibi jini bara, sakamakon ba a rubuta ko'ina ba, dole aka sake analiz muka sake biya.

Na san aikin ya yi muku yawa, anfirmiye guda a CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, layi har waje, ga zazzaɓin damina. Amma minti biyu ne fa. Wanda jikinshi ba ya karɓar penisilin in ba a rubuta ba gobe wani ya ba shi amoksisilin, alhali dangi ɗaya ne. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ungozoma ta gaba dole ta sani kafin naƙuda ta kama.

Ga karnen rigakafin yara nan, BCG da Penta kowanne da gurbinshi da ranar dawowa, uwa ko ba ta yi lakkol ba ta san ta ajiye shi cikin kwalla. To me zai hana ma'aikatar lafiya ta yi wa masu hawan jini da ciwon suga da sikila irinshi, kuma kwafi ya zauna a asibiti ko da na gida ya ɓace?

Inna dai an canza mata magani, za mu koma bayan wata guda.

Naku,
Mai karatu daga Tawa