In kun yi labarin ƙananan masu sana'a ku riƙa sa musu liyan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, ina gajiya, da fatan kai da ma'aikatanka duk kuna lahiya. Ni mai karatun jaridarku ne daga nan Tahoua, kusan kullum sai na buɗe ta a waya in dai rezo ya yarda. Wata magana ce kan shafukan intanet na ƙananan masu sana'a ta daɗe tana ci mini rai na ce bari in rubuto, ko Allah zai sa ta amfani wani, kuma a ƙarshe ina da roƙo gare ku ku ƴan jarida.

Kawuna baduku ne, sana'ar gado ce, takalma yake yi da jakunkunan mata da kuben wuƙa da majayi, duk na fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa aka rine da karan dafi. In ka shiga rumfarshi da safe warin fata da man da yake shafa mata shi zai fara tarbarka, shina zaune bisa tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ga allon yanka gabanshi, ga basilla a baki, bai ɗago kai sai ya kai ƙarshen layin ɗinki. Aikinshi babu na biyu, amma ciniki sai ranar kasuwa ko in ƴan bida sun dawo daga Abijan gab da salla suna neman tsaraba. Shi ya sa da na gama lakwal na ɗan koyi kwamfuta na ce mishi kawu bari in buɗe maka shafi a intanet, mai nema daga Yamai ko Maraɗi ko Kano ko ma Faransa ya gani ya kira. Ya ce to ɗana, in dai ba haram ciki bisimilla.

Na buɗe, na sa hotuna, na rubuta da Hausa da Faransanci, na sa lambar waya. Wata uku ina jira, in na rubuta takalman fata na Tahoua a Google sai in yi ta sauka shafi na biyu na uku na huɗu ban ga namu ba, sai na wasu ƴan ƙasar waje da ke saro kayan daga hannun irin su kawu su sayar ninki biyar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Nan ne na fara bin diddigin yadda abin yake aiki. Ashe Google tun asalinta a kan liyan aka gina ta, wato mahaɗar nan da ake latsawa ta kai ka wani shafi, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa linki. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da dabarar wajen 1996, suka kira lissafin PageRank, kamfanin kuma aka kafa shi 1998. Tunaninsu shi ne duk shafin da ya sa liyan zuwa naka kamar ya tsaya maka shaida ne, kuma shaidar ba ɗaya take ba, ta shafin da shi ma mutane da yawa suka shaida ta fi nauyi. Da na gane haka sai na tuna kasuwar albasa ta Galmi, baƙo ya zo daga Gana ko Kodebuwa da babbar mota bai san kowa ba, ba ya tambayar manomi ko albasarka na da kyau tunda kowa nashi zai yaba, mai masauki yake tambaya, in dattijon da aka sani shekara talatin ya ce je wurin wane an gama magana. To haka Google take, yabon kai jahilci ne wurinta, tana son ta ji mi wasu suka ce a kanka kuma su wane ne suka ce. Yanzu akwai wasu abubuwa da yawa da take dubawa, kamar ko rubutun na da amfani da ko shafin na buɗewa da sauri a waya, amma har yau liyan na cikin lissafi.

To a nan ne aka cuce ni, kuma shi ne dalilin farko na wannan wasiƙa. Wani ya bi ni ta WhatsApp, ya ce shi gwani ne, zai sa mini liyan 5,000 cikin kwana bakwai in ga shafinmu a saman Google, kuɗin aiki jaka 25. Jaka 25 ba ƙaramin kuɗi ba ne wurin baduku, takalmi nawa zai ɗinka kafin ya ga ribar haka, amma kawu ya kwance bakin aljihu ya ƙirgo ya ba ni bai ko tambaye ni ba saboda yarda, na je na tura. Bayan sati mutumin ya turo mini dogon jerin adireshi ya ce aiki ya kammala. Na zauna da dare ina buɗe su ɗaya ɗaya, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, wani shafin caca ne, wani na tallar maganin ƙarfin maza, wani da rubutun Rasha wanda ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba, wani kuma babu komai cikinshi sai liyan bisa liyan kamar juji, ga sunan rumfar kawuna tsakiyarsu, mutumin da bai taɓa barin sahun farko a masallaci ba. Shafinmu kuwa ko motsi bai yi ba, na kira lambar sau ba adadi a kashe. Ranar da na faɗa wa kawu bai yi mini faɗa ba, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ci gaba da ɗinkinshi, ni kuwa na kwana ban runtsa ba.

Ƴan uwa masu shafi, don Allah kada ku biya kowa kuɗi ya sa muku liyan dubu. Google ta san wannan wasan tun ba yau ba, ƙa'idarta ta hana saye da sayar da liyan don a hau sama. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda aka cika intanet da irin waɗannan liyan don ɗaga babban kantin JC Penney na Amurka, Google ta sauke su ƙasa na wani lokaci, to in kanti mai wannan girma bai tsira ba ina ga mai rumfa. A watan Afrilu na 2012 ta fito da tsarin da ta kira Penguin don kama masu wannan hali, daga 2016 kuma ta ce galibi watsar da liyan ɗin banza take yi kamar babu su, wato ko ba a hukunta ka ba kuɗinka sun tahi. Akwai wani abu kyauta da ake kira Search Console, na Google ne, in ka yi rajistar shafinka zai nuna maka su wa suka sa maka liyan da kalmomin da mutane ke rubutawa su same ka, kuma nan ne za ka ga saƙo in an hukunta shafin. Nan na shiga na yi amfani da wurin da ake barranta da liyan, na ce waɗannan ba da yawuna ba.

Wani abin da mutane ba su sani ba, su yi ta watsa adireshin shafinsu a Facebook da ƙarƙashin labaran mutane suna zaton shi ne zai ɗaga su. Tun 2005 aka fito da wata alama mai suna nofollow wadda mai shafi ke liƙa wa liyan, ma'anarta ni ban tsaya wa wannan shaida ba, kuma yawancin manyan dandali haka suke yi, Wikipedia ma haka. Ba wai ba amfani ba, mutum zai iya latsawa ya zo ya saya kuma mu ciniki muke nema, amma kada a ɗora buri a kai.

Abin da ya yi mana aiki a hankali ya zo. Na ajiye maganar talla na ɗauki waya na bi kawu majema, na ɗauki hoton kowane mataki, yadda ake jiƙa fata da toka a cire gashi, yadda ake daka bagaruwa a tsoma fatar ciki, yadda ake miƙe ta a shanya, yadda karan dafi ke ba da jan nan da ba ya kama da na kanti, sannan na zaunar da shi yana bayani ina rubutawa da sunayen kayan aikin duka yadda ya gada wurin babanshi. Na sa shi da Hausa na sa da Faransanci. Ban roƙi kowa ba a farko, wani malamin lakwal da ke rubutu kan sana'o'in gargajiya ya ci karo da shi ya ambace mu a shafinshi ya sa liyan. Daga nan na samu ƙarfin gwiwa na rubuta wa ƙungiyar ƴan garinmu da ke zaune waje, su ma suka sa, sai wata hajiya mai kanti a Yamai da ke sarar jakunkunan kawu na ce hajiya tunda kina da shafi don Allah ki rubuta inda kayan suka fito, ta ce ai wannan ba komai. Duka duka ba su kai goma ba amma kowane ɗaya mutum ne da ya san mu ko ya san fata, kuma bayan wasu watanni na rubuta jimar fata da bagaruwa sai ga mu a shafin farko, na ruga rumfa da waya a hannu, kawu ya ajiye basilla ya sa tabarau ya daɗe shina kallon hoton hannunshi.

Abu ɗaya na lura da shi, kalmar da aka ɗora liyan a kanta ma tana da tasiri. In an rubuta latsa nan ba a gaya wa Google komai ba, in aka rubuta takalman fata na Tahoua aka ɗora a kai to an faɗa mata mi ke ciki. Kuma musayar liyan da kowa da kowa, wato ka sa mini in sa maka, ita ma in ta yi yawa laifi ce wurin Google, mai fata mi ya haɗa shi da shafin ƙwallo.

Yanzu ga roƙona ranka ya daɗe. Jaridun Hausa da gidajen rediyo masu shafi ku ne dattawan kasuwar nan, shaidarku ɗaya ta fi ta dubu irin namu, amma sau nawa nake karanta labari mai kyau a kan masu kilishi ko masu saƙar tabarmi na Madawa ko matan da ke kai kaya bikin SAFEM na baje kolin sana'o'in hannu na mata a Yamai, a faɗi sunan ƙungiya a sa hoto, liyan kuwa babu, mai karatu ya so ya saya bai san inda zai bi ba, Google ma ba ta san an yabe su ba. Wani lokaci har rubutun mutum ake kwashewa ɗungurungum a manna ba a ce daga ina ba, an yi mini haka da bayanin jimar nan a wani shafi kuma na ji zafi don dare nawa na yi a kanshi. Ba cewa nake ku yi wa kowa talla kyauta ba, in talla ce a biya ku kuma ku sa mata alamarta, tun 2019 akwai alama ta musamman don liyan da aka biya. Ina magana ne kan labarin da ku da kanku kuka ga ya cancanta kuka aiko ɗan rahoto, layi ɗaya ne ku ƙara, minti ɗaya bai kai ba.

Kuma abin ya wuce maganar kawuna. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, mun yi murna, amma je ka nemi abu da Hausa a intanet ka gani, rubutun kaɗan ne kuma ɗan da ke akwai kowa na zaune shi kaɗai, na Tahoua bai ambaci na Damagaram ba, na Yamai bai ambaci na Katsina ba, sai mu yi ta kai shaidarmu ga shafukan Faransanci da Turanci waɗanda ba su san da mu ba. Ɗaliban jami'armu ta nan Tahoua da malamansu su ma in sun yi bincike kan albasa ko fata ko cuku su riƙa sa liyan na mutanen da suka ba su bayani, haƙƙinsu ne.

In kun yarda, ina son jaridarku ta ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata ta kawo masu sana'a biyu ko uku da ke da shafi da Hausa tare da adireshinsu bayan kun bincika kun tabbatar mutanen kirki ne. Ni a shirye nake in bi rumfa rumfa nan Tahoua in tattaro muku sunayensu ba tare da ko dala ba, akwai maƙera da masu ɗinkin hula da na sani da ke da aiki mai kyau, in kun amsa sai in fara ranar Lahadi mai zuwa da kasuwa ta ci.

Na gode, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani mai karatu daga Tahoua