Aro ko Sayarwa: Makomar Dokina a Lokacin Jinya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in nemi shawarar masu kiwon doki a birnin Kano. Shekara 2 ke nan ciwon baya ya kwantar da ni, likita kuma ya hana ni hawa, ga dokina ɗaure a turke yana cin harawa da dusa, babu mai fita da shi kilisa. Da asuba in ya ji tarina daga ɗaki, sai ya yi haniniya yana kartar ƙasa da kofato.

Ƙanena ya ce in sayar tun yana da daraja, in sayi magani. Maƙwabcina kuwa aro yake so, ya ɗauki ciyarwa, ya hau shi ranar hawan Daushe da na Nassarawa. Zuciyata ta fi karkata ga aron, sai dai na taɓa ganin dokin aro ya dawo da gyambon sirdi a gadon baya, haƙarƙari duk a waje. In har zan bayar, sai an je gaban mai unguwa an rubuta wanda zai biya likitan dabbobi, da ranar da za a maido mini da shi.

Naka,
Wani mai karatu, Kano.