Wasiƙa ga ɗana kafin ya hau tsaunin ƙanƙara

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa a hutun nan za ku tafi tsaunukan Alps kai da abokan karatunka, za ka koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Hankalinta bai kwanta ba, ta so in hana ka. Ba zan hana ka ba. Wasa ne mai daɗi, na yi shi lokacin da gwiwoyina ke da ƙarfi, kuma ina so kai ma ka ɗanɗana. Sai dai akwai maganar da nake so ta zauna maka, shi ya sa na rubuta, don in a waya ne "to Baba" za ka ce ka wuce.

Duk wanda ke ƙasa da kai a gangare amana ce a hannunka. Shi ba ya ganinka. Idonsa na gaba, hula ta toshe masa kunne, iska na kaɗawa. Kai ne kake ganinsa, saboda haka kai ne za ka kauce. Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji goma da za ka tarar a manne a wuraren wasan, da su kuma kotunan ƙasashen yankin suke auna mai laifi in an yi karo. Ta uku cewa ta yi wanda ya taho daga baya shi zai zaɓi hanyar da ba za ta cutar da na gaba ba. Kamar tuƙin mota ne, wanda ya daki wani ta baya ba shi da bakin magana.

Za ka ga yaro ɗan shekara biyar a gabanka, ya haɗe bakin allunan ƙafarsa, ya buɗe bayansu, yana tafiya a hankali, ya yi dama ya yi hagu. Ka ɗauka dama zai ci gaba da yi, sai kawai ya juyo ta inda ka nufa, shi kansa bai san zai juya ba. Haƙƙinsa ne ya juya. In za ka wuce shi, ka bar masa fili mai faɗi, wanda ko faɗuwa ya yi ya baje ba za ka taɓa shi ba. Gudun da ya halatta gare ka shi ne wanda za ka iya tsayawa cikinsa kafin ka kai ƙarshen abin da idonka ke gani. In hazo ya sauko, ko mutane sun yi yawa, ko dusar ta daskare ta zama kamar gilashi, sai gudun ya ragu.

Kada ka ɗauka masu ganganci kaɗai abin ke samu. Ranar 1 ga Janairun 2009, Dieter Althaus, wanda a lokacin yake shugabantar jihar Thuringia ta Jamus, ya yi karo da wata mata a mahaɗar hanyoyi biyu a Austria. Yana sanye da hular kwano, ya ji rauni mai tsanani amma ya rayu. Ita ba ta da hula, ta rasu. Kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci. Ka yi tunanin ɗaukar ran wani a wuyanka saboda daƙiƙa ɗaya ta wasa. Wannan ya fi tsorata ni a kan karayar ƙafa.

Tsayuwa ma tana da wurinta. Kada ka tsaya a inda hanya ta ƙuntata, kada ka tsaya a bayan tudu inda mai tahowa ba zai hango ka ba sai ya iso kanka. Na san ku da ɗaukar hoto. In hoton ne, ka koma gefe tukuna. In ka faɗi kuma babu rauni, ka tashi ka matsa da wuri. Kafin ka sake tashi, ko ka shiga wata hanya, ɗaga kai ka dubi sama.

Hanyoyin suna da launi. A Faransa kore ne na masu koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. A Austria da Switzerland galibi daga shuɗi ake farawa. Cikin abokanka ba za a rasa wanda ya fara tun yana yaro ba, zai ce maka ja ɗin nan ba komai ba ne, ka biyo shi kawai. Kada ka bi. Ka biya malami ya koya maka juyawa da tsayawa da yadda ake faɗuwa, ka zauna a hanyar masu koyo har sai shi malamin ya ce ka wuce. Haka kuma a shagon hayar kaya, za su tambaye ka nauyinka da tsawonka da iyawarka. Ka faɗi gaskiya. Da wannan suke saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, don ya sake ka in ka faɗi. In ka cika baki suka ɗaure shi tamau, allon zai murɗe ƙafar bai sake ta ba, jijiyar gwiwa ce za ta tsinke, kuma raunin gwiwa shi ne ya fi yawa a wannan wasa.

Hular kwano kuwa ba na son jin wani uzuri a kanta. A watan Maris na 2009 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi a gangaren masu koyo a Mont Tremblant na Kanada, ba hula a kanta. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ta ƙi a duba ta. Ashe jini na taruwa a cikin ƙoƙon kanta, bayan kwana biyu ta rasu. Saboda haka in kanka ya bugu, ko na abokinka, a je a ga likita ko da ana dariya. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, jiri, barcin da ba a saba ba, ko magana ta rikice, duk ba abin jira ba ne. Hular kuma ba lasisin ganganci ba ce. Michael Schumacher, shahararren direban tseren mota ɗan Jamus, da hularsa ya faɗa kan dutse a Méribel ta Faransa ranar 29 ga Disambar 2013, a wani fili da ba a gyara ba tsakanin hanyoyi biyu, har yau bai koma rayuwarsa ta da ba.

Wannan ya kawo ni kan igiya da alamun gefen hanya. Inda aka ce an rufe, an rufe. Bayan igiyar akwai duwatsu da ramuka da dusa ta lulluɓe, akwai kuma zaftarewar dusa daga sama. Ana auna haɗarin zaftarewar kullum daga 1 zuwa 5, kuma a mataki na 3, wanda mutane ke rainawa, aka fi rasa rayuka. Wanda dusa ta binne, in ba a tono shi cikin minti 15 na farko ba, damar samunsa da rai raguwa take da sauri.

In ka tarar an yi haɗari, tsayawa wajibi ne. Ka kafa allunanka a gicciye a sama da wurin don masu tahowa su gani, ka kira ma'aikatan ceto ko 112, lambar kiran gaggawa ta Turai, ka lulluɓe wanda ya ji rauni kada sanyi ya shige shi, amma kada ka ɗaga shi in akwai alamar wuya ko baya ya taɓu. In kuma, Allah ya kiyaye, kai ne ka buge wani, ka tsaya ka ba da sunanka da adireshinka. Kada tsoro ya sa ka gudu. Ka kira ni, za mu fuskanci abin tare.

Ka yi inshora kafin ka tafi, wadda ta haɗa da ɗauko ka daga kan tsauni da kuma ɓarnar da za ka iya yi wa wani. A Italiya tun 2022 doka ce ta wajabta wannan ta biyun. Ka sa tabarau, ka shafa man kariya daga rana, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata da ido. Da la'asar, in cinyoyinka sun fara rawa, inuwa ta rufe gangare, wasu kuma sun sha giya a wurin cin abinci, kada ka saurari mai cewa a ƙara zagaye ɗaya. Ka sauko.

Ka turo mini sunan garin da masaukinku da lambar ɗaya daga cikin abokan tafiyarka. Kullum in kun sauko da yamma ka kira mahaifiyarka, ko na minti biyu ne. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka