Mai son ganin tsofaffin coci-coci a tsibiran Sikotilan ya fara duba wata da jirgin fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Glasgow, Edinburgh, Dundee da Aberdeen, waɗanda idan an yi hutu sukan so su leƙa tsibiran yamma da arewacin Sikotilan don ganin tsofaffin coci-coci da gidajen 'yan zuhudu da aka gina tsakanin ƙarni na 12 da na 16. Wuraren sun cancanci wahalar zuwa ga duk mai son tarihi, Kirista ne ko Musulmi. Matsalar ita ce yawancin masu shirya tafiyar da taswirar waya suke auna ta, su ga tazarar ba ta da yawa, su ɗauka yini ɗaya ya isa. A can kuwa jirgin fito da iska da cikar teku ne ke da ta cewa, kuma shirin da bai fara daga kansu ba watsewa yake yi.

Mai karatu zai iya tambaya me ya kai irin waɗannan gine-gine wuraren da yau suke kamar ƙarshen duniya. A wancan zamani teku ne babbar hanya, tsibiran kuma zango-zango ne a kanta, kamar yadda Agadas take ga ayarin Sahara. Tsibiran yamma suna ƙarƙashin sarkin Norwe har zuwa yarjejeniyar Perth ta 1266, Orkney kuwa sai a 1468 aka jinginar da ita ga Sikotilan. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta, aka daina kula da yawancinsu, rufi ya zube, bango ya rage. Saboda haka a sa a rai cewa mafi yawansu kangaye ne a fili, babu mai gadi, babu wurin fakewa daga ruwan sama.

Iona ce kowa ke fara ambata. Nan Columba, ɗan zuhudun da ya kafa gidan zuhudun tsibirin, ya sauka daga Ailan a 563, nan kuma maharan Viking suka kashe 'yan zuhudu 68 a 806. Hanyar zuwa daga Glasgow hawa huɗu ce: jirgin ƙasa daga tashar Queen Street zuwa Oban, kamar awa uku, jirgin fito na CalMac daga Oban zuwa Craignure a tsibirin Mull, kamar minti 50, bas daga Craignure zuwa Fionnphort, wajen kilomita 60, awa ɗaya da 'yan mintuna, sai ƙaramin jirgin fito na minti goma ya tsallakar da kai. In an haɗa da jira, zuwa kaɗai ya kusa cinye awa shida. Ba kowane jirgi bas ke tarya ba, don haka a fara duba jadawalin bas, sannan a zaɓi jirgin da ya dace da shi. Mai tuƙa motarsa ya sani titin Mull mota ɗaya yake ɗauka, da wuraren kaucewa jefi-jefi. Wuraren nan na ba da hannu ne, ba a tsayawa ɗaukar hoto a cikinsu. Motar kuma a Fionnphort za a bar ta, don ba a barin baƙi su shiga Iona da mota sai da izini na musamman.

Shawarata a kwana a Iona ko a Fionnphort. Daga hantsi zuwa la'asar masu zuwa su koma suna cika wurin. Da sassafe da yamma ne ake samun sarari a duba dutse da kyau. Wani abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba shi ne babban cocin da ake biyan kuɗi a shiga, wanda Ranald ɗan Somerled ya kafa wajen 1200, an sake gina yawancinsa a ƙarni na 20, cocin kansa a farkon ƙarnin, gine-ginen da ke kewaye da shi kuma bayan George MacLeod ya kafa ƙungiyar Iona Community a 1938. Mai son ganin aikin da hannun gyara bai taɓa sosai ba ya tsaya a kangon gidan mata 'yan zuhudu da ke kan hanya daga tasha, wanda shigarsa kyauta ce, sai ɗan ƙaramin cocin Oran na ƙarni na 12, sai gicciyen dutse na Martin da ke tsaye a gurbinsa tun ƙarni na 8. Zancen da ake yi cewa sarakunan Sikotilan 48 ne kwance a maƙabartar Oran daga wani rubutu na 1549 ya fito, kuma masana tarihi ba su gamsu da adadin ba. Wanda aka tabbatar yana nan shi ne John Smith, shugaban jam'iyyar Labour da ya rasu a 1994.

Inda lissafi ya fi muhimmanci shi ne Oronsay. Gidan zuhudun da ke can John na Islay, sarkin tsibirai, ya kafa shi a ƙarni na 14, kuma akwai doguwar gicciye da duwatsun kabari masu zanen jarumai da jiragen ruwa da aka adana a wani ɗaki mai rufi. Babu jirgin fito zuwa tsibirin. Sai an hau jirgi daga Oban zuwa Colonsay, fiye da awa biyu, sannan a taka da ƙafa a kan rairayin da ake kira Strand lokacin da ruwa ya janye. Faɗin rairayin ya kai kilomita ɗaya da rabi, daga inda ake ajiye mota zuwa kangon kuma wajen kilomita huɗu ne.

A nan mu masu lissafin wata muna da sauƙi. Ruwa yana janyewa sosai kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan cikarsa, wato wajen 15 da 16 ga wata. A irin ranakun, a wannan gaɓar, ƙarshen janyewar yakan faɗo wajen azahar, abin da ya dace da mai tafiya. Amma wajen 8 da 23 ga wata janyewar ba ta da ƙarfi, wani lokaci hanyar ba ta buɗewa sam. A rana mai kyau ana samun kamar awa biyu kafin ƙarshen janyewa da awa biyu bayansa. To ga yadda za a raba: a shiga rairayi awa biyu kafin lokacin, a isa kangon cikin awa guda, a yi awa ɗaya da rabi ana dubawa, a juyo minti talatin bayan ƙarshen janyewa. Wanda ya ƙara awa guda yana hoto zai tarar ruwa ya riga shi.

Abubuwa uku ke jefa mutane cikin matsala. Na farko, wasu jadawalin cikar teku da agogon GMT aka rubuta su, alhali daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya yana gaba da awa ɗaya. A duba kan takardar a ga wanne aka bi. Na biyu, lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, don haka lokacin jiya bai yi wa yau aiki ba. Na uku, iska mai ƙarfi daga kudu maso yamma tana tare ruwa a mashigin, ya ƙi janyewa yadda takarda ta ce, ya kuma dawo da wuri. A tambayi mutanen gari a kanti ko gidan waya na Scalasaig, ƙauyen da jirgi ke tsayawa a Colonsay, kafin a tashi. In ruwa ya rufe hanya, a zauna a tsibirin a jira janyewa ta gaba, bayan awa 12 da 'yan mintuna. Kada a ce za a ratsa. In rai na cikin haɗari a kira 999 a nemi masu gadin gaɓar teku. Wannan lissafin shi ne kuma na Brough of Birsay a Orkney, inda ake bin siririyar hanyar kankare zuwa kangon wani coci na ƙarni na 12, sai dai can ganyen teku ya sa hanyar santsi.

A ganina sassaƙa mafi kyau a duk tsibiran yamma tana Rodel, a kudancin Harris, cikin cocin Clement. Alasdair Crotach, shugaban zuriyar MacLeod, ya sa aka yi masa kabari a jikin bango a 1528, kusan shekara ashirin kafin mutuwarsa. A bangon da ke ƙarƙashin bakan kabarin akwai jirgin ruwa mai filafilai, ganuwa, mafarauta da karnuka suna bin barewa, da mala'ika da shaiɗan a gaban ma'aunin rayuka. Cocin yana da rufi, shiga kyauta ce, amma cikinsa da duhu. A riƙe tocila, a haska daga gefe, kusa da bango, yadda inuwa za ta fito da zanen. Hasken da aka dalla gaba da gaba shafe shi yake yi. Ana zuwa ta Uig a Skye zuwa Tarbert, awa ɗaya da minti 40, sai kusan kilomita 40 a mota. Jirgin Berneray zuwa Leverburgh ya fi kusa da wurin, amma mashigin ba shi da zurfi, shi ya sa jadawalinsa ke sauyawa idan ruwa ya yi ƙasa sosai. Lahadi kuma a Harris da Lewis ranar ibada ce da gaske: yawancin kantuna da gidajen mai a rufe, bas ba ya aiki. A yi sayayya da shan mai tun Asabar.

A Orkney a fara da babban cocin Magnus a Kirkwall, wanda aka soma ginawa a 1137, inda a 1919 aka gano akwatin ƙasusuwa cikin wani ginshiƙi, ƙoƙon kan da alamar sara, ana kuma jin na Magnus ne, mai mulkin Orkney da aka sa wa cocin sunansa. Daga nan labarin tsibirin Egilsay zai yi ma'ana, don a can aka kashe Magnus wajen 1117 bisa umarnin ɗan uwansa Haakon. Cocin Egilsay ba shi da rufi, amma hasumiyarsa mai zagaye, kusan mita 15, tana tsaye. Jirgi daga Tingwall yake tashi, kuma wasu tsayawarsa a Egilsay sai an nema tun kafin ranar. Mai mantawa ya nemi na dawowa zai ga jirgi ya wuce ta gabansa, a tsibirin da babu kanti.

Watan Mayu da Satumba sun fi. Daga Yuni zuwa Agusta akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke fitowa gungu-gungu idan iska ta kwanta, maganinsu ragar fuska da doguwar riga. A cikin ciyawa akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme: a cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki da dare, in an same ta a cire da ɗan ƙarfen cirewa, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. Lema ba ta da amfani, iska za ta karya ta. Rigar ruwa da wandonta da takalmi mai riƙe ƙasa ake bukata. A hunturu rana ba ta wuce awa shida zuwa bakwai, jirage sun ragu, soke tafiya ya yawaita. Ko da rani ma a bar kwana ɗaya rara kafin ranar komawa aji ko aiki, a yanki tikitin mota a jirgi makonni kafin tafiya, a sauke taswira a waya tun akwai sabis.

Ga Musulmi, naman halal yana da wuyar samu, sai a dogara da kifi ko a tafi da guzuri. Akwai masallaci a Stornoway da aka buɗe a 2018. A Yuni rana kan faɗi bayan ƙarfe goma na dare, shafaƙi kuma ba ya gushewa sosai, don haka a nemi jadawalin sallah na masallaci kafin a tashi. Alƙibla tana kudu maso gabas.

Da yawa daga maƙabartun nan har yau ana binne mutane a cikinsu. In an tarar da jana'iza a ja gefe a jira. Kada a hau bango, don farar ƙasa ce ke riƙe duwatsun kuma ta tsufa. Kada a kankare gansakuka ko a goga alli a kan rubutu don ya fito, fuskar dutsen ke tafiya da shi. Dokar 1979 ta hana tono ko amfani da na'urar neman ƙarfe a wuraren da aka yi wa rajista ba tare da izini ba, kuma a Sikotilan duk tsohon abin da aka tsinta sai an kai rahotonsa ga hukuma. Wuraren da ke hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta Historic Environment Scotland ba a tashin jirgi maras matuƙi a kansu sai an nemi izini tukuna. Yawancin hanyoyin ta cikin gonakin mutane suke bi, saboda haka a bar ƙofar shinge yadda aka same ta, a kuma yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Glasgow