An Ce Na Mayar Da 'Ya'yana 'Yan Yawon Daji

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce tun ina gidanmu, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, zuciyata ce a cike, tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba.

Ni matar aure ce a nan Kano, 'ya'yana uku. Babban namiji ne, zai cika shekara 6 bayan babbar Sallah, mai bi masa mace ce 'yar shekara 4, sai na goye. Ranar Asabar ana taron suna a gidan Hajiya, mahaifiyar maigidana, sai yayarsa ta kira yarona a gaban mata ta ce ya kawo mata jihohi 36 da manyan biranensu. Yaro ya tsaya yana kallonta. Ta kira nata ɗan, wanda ɗana ya girme shi, ya fara rerowa, Abia Umuahia, Adamawa Yola, har ƙarshe. Ta juyo ta ce, "Kun gani ko? Uwarsa ta mayar da shi ɗan yawon daji, daga tsintar ganye sai kwaɓa taɓo." Aka yi ta dariya. Abban yara yana zaure, ƙofa a buɗe, na tabbata ya ji, bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi maganarta ci min rai.

Bari in koma baya. Ni ba jahila ba ce Anti, ina da NCE, na koyar a firamare kafin in yi aure, na san abin da ake kira aji. Yaran nan da suna wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Gidan haya ne aka yanka ɗakunansa da katako, babu fili, babu ko bishiya ɗaya, tun ƙarfe 7:30 har bayan azahar suna zaune a benci. Yaro ɗan shekara 3 a ba shi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 100, hannun da ko cokali bai gama iya riƙewa ba. In ya yi Hausa a aji a dake shi. Kowane zango a ƙara kuɗi, littattafai dole a wurinsu za ka saya, ga kuɗin bikin yaye 'yan nazire har da riga da hula irin ta jami'a. Ɗana ya fara fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Wace uwa ce za ta zuba ido? Na cire su, na ce ni zan koya musu a gida.

Kuma ba zaman banza muke ba, wannan nake so ki fahimta, don ita Yaya haka take yaɗawa a dangi. Islamiyya ba su taɓa fashi ba, babban yana izu na biyu. Da safe kafin rana ta yi zafi mukan fita filin bayan unguwarmu, wani lokaci in an samu mota mu je gonar kakansu ta wajena a hanyar Gwarzo. Yaron nan da ake cewa bai san komai ba, ya san kuka da tsamiya da marke da aduwa da kanya, daga ganye kawai zai faɗa miki. Shi da kansa ya lura cewa gawo yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa suke kore shar, sai rani ya yi ya fitar da nasa, ya tambaye ni dalili. Da ya ga shamuwa ta sauka a kan darbejiyar masallaci, da gudu ya shigo ya ce Umma ruwa ya kusa. Lissafi da ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya muke yi, yana tarawa yana ɗebewa har 50. Baƙaƙe a kan yashi muka fara su da tsinke, yanzu yana haɗa kalmomin Hausa yana karantawa. Turancin ne bai kama ba tukuna, kuma ni ban ga abin gaggawa ba. Na ji a rediyo cewa a ƙasar Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kuma ba wanda ya ce yaransu daƙiƙai ne.

Na kai su marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Suka ga yadda ake haɗa baba da toka a rami, aka tsamo zane yana kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Yarinyar ta yi tsalle ta ce sihiri ne, marinin ya yi dariya ya ce iska ce kawai. Da muka dawo muka ɗaure tsofaffin farin ƙyalle da zare muka yi namu rinin a bokiti. Na kai su Gidan Makama suka ga yadda aka yi daurin guga da azara ba ƙarfe ba siminti, suka ga tsofaffin ƙofofin gari da kayan yaƙi, na ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa. A gida nakan ajiye musu abu ɗaya mu zauna mu yi ta kallonsa, hular Abbansu, ko faifan kakata, ko babbar riga mai aska takwas, ko allon zayyana na saukar ƙanena. In tambaye su me suka gani, launi nawa ne, ina zanen ya fara ina ya ƙare, sannan kowa ya ɗauki takarda ya gwada nasa. Har naira 20 na juya musu suka ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, muka samo yumɓu muka gina namu 'yan kasake, rabi suka fashe a rana, suka gane sai a inuwa ake shanyawa. Ki tambayi ɗan Yaya wace ce matar da ke bayan naira 20 ki ji. Ba hassada nake ba, yaron ɗana ne shi ma, amma ya san Umuahia a baki bai san bishiyar da ke ƙofar gidansu ba.

Ita dai Yaya tun da aka kawo ni gidan nan ta ɗauki karan tsana ta ɗora min, don akwai ƙawarta da ta so ƙaninta ya aura. Wannan kowa ya sani. Da ta ga batun jihohi bai isa ba, sai ta ɗauko addini. Ta gaya wa Hajiya wai ina koya wa yara zanen masu rai, ina kai su kallon gumaka, wai har Dutsen Dala na hau da su wurin Tsumburbura. Anti, mun hau Dala, gaskiya ne, don su hango gari ne, su ga Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, kuma na gaya musu mutanen da can ne suke bauta a wurin kafin Musulunci ya zo. Wannan ba tarihi ba ne da ake koyarwa a makarantar da take taƙama da ita? Batun zane kuwa na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce itatuwa da furanni da zayyana ba komai, masu rai ne malamai suka yi magana a kai, kuma ta ce wasan yara da sauƙi tunda Nana A'isha ta yi wasa da 'yar tsana. Yarinyar ce take zana balbela da malam buɗe littafi, ban sa ta ba. To in hana ta ne? Wannan ma ina so a tambayar min malamin da kike gayyatowa.

Sannan ta tsorata Hajiya da hukuma, wai za a kama ɗanta. Na san akwai dokar UBE ta 2004 da ta wajabta firamare da ƙaramar sakandare, na kuma san a 2019 gwamnatin Kano ta ce ilimi kyauta ne kuma dole. Amma firamare daga shekara 6 take farawa, yarona bai cika ba, nazire kuwa ba dole ba ce. Kuma ga yara nan birjik a titi suna talla da bara, sai nawa da nake zaune da su kullum za a zo kamawa?

Ban gaya miki ba, Abban yara a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. Da farko ya yarda, ya ce in gwada zango ɗaya. Yanzu an haura shekara, amma ai bai sake tayar da maganar ba, ni kuwa na ɗauka shirunsa amincewa ce. Kuɗin makarantar yana ci gaba da turowa cikin na cefane, da su nake sayen fenti da takardu da kuɗin Adaidaita, ragowar na zuba adashi, kuma adashin nan don yaran ne. Yanzu ya ce wai shi ya zaci sun koma makaranta tun bayan zangon farko. Yaya za a yi ya zaci haka, zanen yaran yana manne a bangon falo, in ya kira waya da hantsi yana jin muryarsu? Yaya ce ta sa masa wannan maganar a baki, har da cewa na ci kuɗi.

Abin da ya hana ni barci shi ne hukuncin da Hajiya ta yanke daren Asabar ɗin. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a ba Yaya babban ta riƙe a gidanta, ta sa shi makarantar da 'ya'yanta suke, ya riƙa zuwa min hutu. Abban yara ya ce shi ba zai ja da mahaifiyarsa ba. Har an auna shi yunifom ba da sanina ba. Na yi kuka na ce to a bar min shi a ɗakina, ya ce ai ni na jawo. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri kar in kashe aurena a kan wasan ƙasa, ita ma ba ta gane ba. Ƙanwata kuma cewa take in kwashe su mu taho gida sai an zo biko.

Anti, ki gaya min, shin uwar miji tana da ikon ɗauke yaro daga hannun uwarsa alhali auren yana nan, lafiyata ƙalau? In na ce na yarda ya shiga aji ɗaya a makarantar kusa da mu, yana kwana a wurina muna fitarmu Asabar da Lahadi, ba zai zama Yaya ta yi nasara ba, gobe kuma ta dawo kan ta biyun? Kuma wa zan tura wa Hajiya da za ta ji maganarsa, tunda ɗanta ya zame? Akwai kawunsu da take jin nauyi, amma ina tsoron a ce na kai ƙarar suruka.

Ranar Litinin ta sama Yaya ta ce za ta turo a ɗauki kayansa. Don Allah a karanta wasiƙata a shirin wannan makon, kuma kar a ambaci unguwarmu, duk gidan suna sauraronki.

Taki,
Uwar yara uku, daga Kano