Babana, Ka Zaɓi Mai Likkafa

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Houston? Mu nan Zariya kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Hotunan baburan nan biyu da ka turo ta WhatsApp sun iso. Na sa ƙanenka ya buga mini takardun bayaninsu, na zauna a zaure bayan la'asar na bi su layi-layi. Ka san da so samu ne da mota kaɗai za ka riƙa hawa a ƙasar mutane. Amma ni na fara ɗora ka a kan tankin babur tun ƙafarka ba ta kai ko'ina ba, don haka ba zan hana ka abin da na koya maka so ba. Tunda ka nemi shawarata, ga ta.

Kai kana ta maganar girman inji, wai Iron 883 ƙarami ne, Forty-Eight kuwa 1200. Ni ba can idona ya tafi ba. Abin da na fara dubawa shi ne inda mahayi ke ajiye ƙafarsa. A Iron ɗin, matakin ƙafa da giya da birkin baya suna tsakiya, kusan ƙarƙashin gwiwa. A Forty-Eight an kai su can gaba kusa da tayar gaba, sai mutum ya miƙe ƙafa kafin ya same su. Kamfani ɗaya ne, Harley-Davidson na Milwaukee, dangi ɗaya ne kuma, Sportster, wanda suke ƙerawa tun 1957. Amma zaman da za ka yi a kansu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ka tuna hawan sallah da muke zuwa kallo a ƙofar fada? Ka lura da mahayi idan ya saki linzami zai yi sukuwa: ba ya zama daɓas a kan sirdi. Nauyinsa a kan likkafa yake, gwiwa a lanƙwashe, doki na tashi yana sauka shi kuma jikinsa na bin sa. Buzu a kan raƙumi kuwa, ƙafarsa a gaba take, a kan wuyan dabbar, ya kishingiɗa abinsa. Zama ne mai daɗi ga wanda zai ratsa sahara a hankali. Babur mai mataki a tsakiya zaman doki ne, mai mataki a gaba zaman raƙumi ne. Kai kuma cikin gari za ka fi hawa, tsakanin manyan motoci, da abin da nauyinsa ya kai wajen kilo 250.

Zan faɗa maka dalilin da ya sa wannan magana ta tsaya mini a rai. Lokacin ina zuwa Funtuwa a kan Honda CG ɗina, akwai ƙarfen kariya da na sa bakanike ya ɗaura mini a gaban inji. Idan tafiya ta miƙa sai in ɗauke ƙafafuna daga mataki in ɗora a kansa, don gwiwa ta huta. Wata ranar damina, bayan na wuce Giwa, ruwa ya cika wani rami ya shafe shi daidai da kwalta. Na gan shi, amma a makare. Da ƙafata na ƙarƙashina da na ɗan miƙe na bar gwiwa ta shanye bugun. Ba ta nan. Tayar baya ta faɗa, bugun ya taso ta kujera ya shige kwankwasona kai tsaye, na ji shi har cikin haƙorana. Ƙafar dama ta tafi neman birki, kafin ta same shi na riga na sauka gefen titi cikin ciyawa. Allah Ya tsare ban faɗi ba. Sati biyu ina sallah a zaune, kuma har yau idan sanyin hunturu ya shigo wurin nan yakan motsa. Babur ɗin nan bai kai rabin nauyin wanda kake shirin saya ba.

To abin da na yi da ganganci na minti kaɗan, shi ne zaman da Forty-Eight zai ba ka kullum. Gaskiya birki da giya suna can gaba tare da ƙafarka, ba sai ka neme su ba kamar ni. Amma miƙewa ba ta yiwuwa, sai dai ka ja jikinka da hannu, kuma kan babur ba abin rataya ba ne, abin tuƙi ne. Ga shi baburan nan biyu shokozobansu na baya gajeru ne, an sauke su ƙasa don kyan gani, ba su da wurin lotsawa sosai. Duk abin da suka kasa shanyewa, gadon bayanka zai biya. Ka ce dokar Texas ta sa sai ka yi kwas na tuƙin babur kafin a ba ka lasisi. Ka saurara da kyau ranar da za a koya muku tsallake katako a kan hanya. Za a ce ka ɗan ɗaga daga kujera. Ka tambayi kanka a kan wanne daga cikin biyun za ka iya yin haka cikin ƙiftawar ido.

Sai maganar shan kwana da tafiya a hankali. A cunkoso, ko wurin ajiye motoci, ko juyawa a ƙaramin fili, mahayi na taimaka wa babur da ƙafa da cinya: ya danna mataki, ya matse tanki da gwiwa, ya ɗan taɓa birkin baya yana sakin kuloci kaɗan-kaɗan. Idan ƙafa ta yi nisa wannan duk ya ragu. In kuma babur ya karkata zai kwanta, daga tsakiya zuwa ƙasa taki ɗaya ne.

Ba zan zalunci ɗaya ɓangaren ba. Dogon mutum yakan takura a matakin tsakiya, gwiwarsa ta taso sama, ƙugunsa ya ƙage bayan awa guda. Irin wannan idan ya zaɓi na gaba yana da hujja. Kai kuwa tsayina ka ɗauko, ba mu cikin dogaye. Idan sai ka zame gaba a kujera kafin yatsunka su danne birki har ƙasa, to babur ɗin bai zama naka ba, komai kyansa. Ka je ka zauna a kan kowanne da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, wani ya riƙe maka, ka ɗora ƙafa biyu, ka juya kan babur har ƙarshe hagu da dama, ka taka birki da ƙarfi. Dole gwiwa ta kasance da sauran lanƙwasa ko a lokacin. Kada ka sauka da wuri don kunyar mai sayarwa, ka yi minti goma a kai.

Na san hankalinka na kan doguwar hanya, zuwa Dallas wurin abokanka, tafiyar da ta fi Kano zuwa Kaduna nisa. A nan ma ka yi tunani. Idan gudu ya kai kilomita 110 ko 120, ƙafa a gaba, hannu a gaba, iska na cika ƙirji tana tura ka baya, babu abin da za ka tokare da shi sai damtse. Tankin Forty-Eight kuma bai cika lita 8 ba, na Iron lita 12 da rabi ne, ka ga wanda ya yi kama da na doguwar tafiya shi zai fi tsayar da kai a gidan mai. Maganin gajiyar gwiwa mai sauƙi ne: a sa maka ƙarfen kariya da ƙananan matakai a jikinsa, ka miƙe ƙafa inda hanya ta buɗe kake ganin nesa, ka dawo da ita da zarar mota ta matso ko kwalta ta canja launi. Ka fi ni sanin darajar wannan sharaɗin yanzu, tunda ka ji labarin Giwa.

Idan kuma zuciyarka ta nace sai babban injin, ana sayar da kayan da ake mayar da matakin Forty-Eight tsakiya. Ka sa kuɗinsu cikin ciniki tun farko, ka kai wa ƙwararren bakanike, domin aikin ya taɓa birki. Ka kuma leƙa Kawasaki Vulcan S kafin ka biya, shi ana iya matsar da matakinsa wuri uku gwargwadon tsayin mai shi.

Hular kwano ka sayi mai rufe haɓa, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, kafin babur ya shigo gida. Ummanku ba ta san da maganar ba tukuna. Ka kira ta ranar Juma'a ka faɗa mata da bakinka, ni zan kasance kusa. Idan ka je gwajin zaman, ka sa a ɗauke ka hoto daga gefe, ƙafa a kan mataki, ka turo mini in ga gwiwar.

Allah Ya tsare mini kai, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.