Matatar gahawa da ledar da ke kashe mana dabbobi

Ranka ya daɗe Edita,

Ina sayar da shayi a wani ƙauye kusa da Maigatari. Da damina akuyata ta mutu. Da aka farke ta, tumbinta cike yake da leda, har da ƴan ƙullin gahawa da nake yagewa in watsar bayan rumfa. Abin ya tsaya mini a rai.

Tun daga nan na koma sayen garin gahawa da ganyen shayi a kasuwar Alhamis, ina tacewa da kaina. Matata iri biyu na gwada. Ta ƙarfe mara tsatsa tana daɗewa, amma gari na bi ta ramukanta ya kwanta a gindin kofi. Ta ƙyallen auduga, wadda uwargidana ta ɗinka mini a jikin zoben waya, ta fi tacewa tas, sai dai tana son kula. Da an gama a ɗauraye ta da ruwan zafi, kada sabulu mai ƙamshi ya taɓa ta, domin ƙamshin zai shiga gahawar gobe. A shanya ta a rana, in an ninke ta da danshi hunhuna take yi. Duk Juma'a ina tafasa tawa da ɗan kanwa, maiƙon ya fita.

Tukar kuma ba na zubarwa, cikin takin gonar albasa take tafiya.

Ƴan'uwana masu shayi, don Allah ku gwada ko na wata ɗaya ne.

Naka,
Mai shayi, daga yankin Maigatari, Jihar Jigawa